Hoton da Ya Tsaya a Bango

Yayana mai gyaran talabijin ne. In ka shigo layinmu ka tambayi sunansa na yanka, sai dai mutane su yi ta kallon juna, don kowa Dakata ya sani. Yara suna ce masa Baba Dakata, sa'o'insa su ce Dakata kawai. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya nake ce masa, sai in raina ya ɓaci in haɗa masa da Dakatan.

Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin mai wanki da guga da mai sayar da katifu. In za ka shiga sai ka karkata kafaɗa, kada ka ture wani abu. Ga talabijin a buɗe hanjinsu a waje, ga rediyoyin da masu su suka manta da su, ga gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi, ga warin dalma in yana liƙi. Tabarau ɗinsa ƙafa ɗaya ta karye tun da daɗewa, ya ɗaure ta da jar waya. Na saya masa sabo, ya yi godiya har da addu'a, ya jefa a durowa ya ci gaba da tsohon. Haka yake.

Babanmu mai bishara ne, mutum mai zafin zuciya, kuma a gidansa kallo zunubi ne, babu wani bayani. Ranar da ya kama Yaya yana leƙen talabijin ɗin maƙwabta ta taga, dukan da ya yi masa sai da Mama ta shiga tsakani. Sai ga yaron ya girma ya zama mai buɗe cikin talabijin! Har Baba ya rasu bai taɓa sa ƙafa cikin shagon ba. A bakin ƙofa yake tsayawa su gaisa, idonsa a kan titi.

Mai gyara dole ya bar abin da ya gyara a kunne ya ga ko zai sake mutuwa, don haka babu wanda ya kai Yaya kallon fim a unguwar nan, ko yana so ko ba ya so. Kuma yana ganin masu taruwa a ƙofarsa in an tashi daga makaranta. 'Ya'yan cocinmu ne, waɗanda ranar Lahadi suke zaune tsaf ana yi musu wa'azin gudun duniya suna cewa amin. Wata rana na kai masa abinci, sai ya nuna mini su da haɓa.

"Ƙanwata," ya ce, "ranar Lahadi muna ce musu su rufe ido. Ranar Litinin suna buɗewa, su kaɗai, babu babba kusa da su. To wa ke gaya musu abin da suke gani?"

Na ce, "Oho, Yaya. Ni dai ɗinkina nake yi."

Shi kuwa bai bar maganar ba. Ya je ya sami Fasto, wani dattijo mai sanyin hali, ya roƙi ɗakin da ke bayan coci inda ake jibge karyayyun benci. Ya share shi da kansa. Ya harhaɗa majigi daga gawar wasu biyu da aka zubar, ya karɓe farin zanin gadon matarsa ya kafa a bango, ƙarƙashin gicciyen katako da ke rataye a wurin tun farko. Duk Asabar da rana, matasa su cika ɗakin.

Daga nan sunan ya samo asali. Yaya ba ya barin fim ya tafi yadda ya ga dama. Yana tsaye a gefe da rimot a hannu, sai an zo daidai inda hankalin kowa ya tashi, hannun mutum ya kai kan jakar da ba tasa ba, ko mace ta ɗaga waya za ta yi ƙarya, sai ka ji ya ce, "Dakata!" Hoto ya sandare. Yara su yi ta ihu, "Haba Baba! Haba!" Shi ko a jikinsa. Sai ya tako gaba ya tsaya kusa da fuskar da ke bango ya ce, "Mutumin nan bai yi ba tukuna. Me yake nema? Wa ya yi masa alkawarin zai samu a nan? In ya yi, wa zai yi kuka?" Su yi ta musu har gumi ya karyo musu. Sai can ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya nemo wani da ya taɓa tsayawa a irin wannan ƙofar, su karanta tare.

Na taɓa tambayarsa me ya sa sai a mummunan wuri yake tsayarwa. Ya ce ai a nan ne kawai tambaya take da amfani, in an wuce wurin kowa ya zama mai wayo.

Ba fim kaɗai ba. Waƙar da ake yayi, tallar man shafawa, duk yana kawowa. Ya tsayar da talla ya dubi 'yan mata ya ce, "Mai suke sayar muku, ko kuwa kunyar fatar da Allah ya ba ku?" Bai taɓa cewa abu kaza na Shaiɗan ne a ƙone shi ba. Cewa yake yi, wanda ya shirya fim ɗin nan Allah ne ya halicce shi, dole wata gaskiya ta kuɓuce masa, kuma ɗan Adam ne, dole ya cakuɗa da ƙarya. Aikinku ku zauna ku tsince, kamar yadda uwayenku suke tsince tsakuwa a shinkafa. Ɗana na biyu a ɗakin nan ya koyi buɗe Littafi ba tare da an yi masa tsawa ba. Na gani da idona, ba labari aka ba ni ba.

To, sai maganar Aboki.

Shugaban mawaƙan cocinmu ne. Tare suka tashi da Yaya, a kwano ɗaya Mama take zuba musu, shi ya tsaya wa Yaya ranar aurensa. Yaya bai taɓa kiransa da komai ba sai "Abokina", har mu ma muka koma ce masa Aboki. Yana da murya, wannan kam ba zan hana shi ba. Duk Asabar yana bencin gaba, kuma shi ne mai saurin hawaye, fim bai kai rabi ba ya ciro hankici. Shi da bakinsa ya kawo 'yarsa ta fari ya ce, "Dakata, ga ta nan, ni ta fi ƙarfina, kullum tana manne da waya. Ka koya mata gani." Yarinya ce mai kaifin kai. Duk tambayar da Yaya ya jefa, hannunta ne farko a sama.

Da ta gama makaranta, sai ta tattara kayanta ta tafi babban birni ta shiga harkar fim. Ba guduwa ta yi ba, ta faɗa wa iyayenta, suka hana, ta tafi. Ranar da fuskarta ta fara fitowa a wayoyin mutane, kai babu ɗankwali, coci ya ɗauka da tsegumi. Uwarta ta daina zuwa zumuntar mata. Aboki kuwa ga zaɓen dattawan ikilisiya ya matso, an daɗe ana ambatar sunansa, yanzu kuma ana cewa wanda bai riƙe gidansa ba ina zai riƙe coci. Na tausaya masa a lokacin, Allah ya sani. Yaya ya yi ta zarya gidansa yana ba shi haƙuri, yana cewa yarinyar nan ba ta ɓace ba, a kira ta a waya, kada a rufe mata ƙofa.

Ana haka sai aka aiko wa Yaya cewa dattawa suna nemansa. Ni ma ina wurin, don a lokacin ni ce mataimakiyar shugabar zumuntar mata, ana ba mu kujera a irin wannan zama. Ofishin Fasto ne, fanka tana ta ƙara, labule ya koɗe. Yaya ya shigo da kayan aiki a jikinsa, ya zaci lasifikar coci ce ta sake lalacewa.

Wani dattijo ya miƙa masa waya. Hoto ne na ɗakin bayan coci. A kan farin zanin, ga namiji a ƙofar ɗakin otal, ga mace da rigar barci ta cafko wuyan rigarsa tana janyo shi ciki. A sama gicciye. A ƙasa kawunan 'ya'yanmu jere, duk sun ɗaga ido suna kallo, 'yar Aboki a gaba. In ba ka san ɗakin ba, me za ka ce?

Yaya ya gyara tabarau, ya duba, har ya yi murmushi. Ya ce, "Na tuna ranar nan. A nan na tsayar. Daga nan muka karanta labarin saurayin da matar maigidansa ta kama rigarsa, ya bar mata rigar ya gudu. Wa ya ɗauka?"

Aboki yana zaune a kusurwa, hannayensa tsakanin gwiwoyi. Ya ce, "Ni ne."

Dattijon ya tambaye shi, hoton nan wucewa ya yi da sauri ko kuwa? Aboki ya ce a'a, ya daɗe a bango. Ya daɗe ƙwarai, yara suna ta kallo. Ya ce kullum haka ake yi, duk inda abin kunya yake, a nan ake tsayarwa.

Kun ga irin ƙaryar da ta fi ciwo? Babu kalma ɗaya a ciki da ba gaskiya ba.

Yaya bai gane ba tukuna, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ya juya ga Aboki da fara'a, kamar mai neman a tuna masa sunan wani, ya ce, "Abokina, gaya musu abin da na tambaya ranar. Ai kai ka fara amsawa, har ka yi kuka."

Aboki ya dubi tabarmar ƙasa ya ce, "Ban tuna ba."

Ni fa ba a haife ni da haƙuri ba. Na miƙe na ce, "Ba ka tuna ba? Kai da ka jiƙa hankici? Kai da ka kawo ta da hannunka? Ka ji tsoron Allah, Aboki, abincin uwarmu yana cikin jikinka!" Fasto yana ta ce mini, "Mama, zauna, Mama, zauna." Ban zauna ba sai da Yaya ya kama gefen zanina ya ja. Haka aka tashi.

Aka rufe ɗakin. Aka sa Yaya a horo: ya koma bencin baya, ba zai ci Jibin Ubangiji ba sai an ga tubansa. Ranar Lahadi aka karanta sanarwa a gaban jama'a, cewa ya nuna wa yara abin da bai dace ba a cikin gidan Allah. Matarsa ta sunkuyar da kai tana kuka a hankali. Bayan sanarwar mawaƙa suka tashi, Aboki ya ɗaga hannu ya ba su murya, kuma muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Da zaɓe ya zo ya ci, don yanzu kowa ya san ba laifinsa ba ne 'yarsa ta tafi, ɓata ta aka yi.

Na ce wa Yaya mu bar cocin, coci nawa ne a gari? Ya ce a nan aka yi masa baftisma, a nan aka yi wa Mama addu'ar ƙarshe, ba zai tashi don mutum ba. Haka ya yi ta zuwa, yana zama kusa da ƙofa inda masu makara suke raɓewa. Iyaye suka hana yara tsayawa a shagonsa. Wasu da ya koya wa karatun Littafi, in sun hango shi sai su tsallaka titi. Da wa'adin horon ya cika aka ce ya dawo wurinsa, ya yi godiya, amma bai bar bencin baya ba. Zanin gadon matarsa ta wanke ta ninke, ba ta sake shimfiɗa shi ba. Sunan dai ya bi shi, ana ta kiransa Dakata, har yaran da ba su san dalili ba.

Shekaru suka wuce, gashin Yaya ya yi fari. Tsohon Fasto ya yi ritaya, aka kawo mana sabo, matashi mai karatu, mai saurin tafiya. Bai daɗe ba ya lura matasa sun watse, coci ya koma na tsofaffi da jarirai. Ya tsaya a bagade ya ce ba zai yiwu mu yi ta zagin zamani daga nesa ba, dole mu zauna da 'ya'yanmu mu kalli abin da suke kallo, da Littafi a buɗe. Jama'a suka ce amin da ƙarfi, har da waɗanda suka sa hannu aka rufe ɗakin. Aka sayi sabon majigi da farin allo mai naɗewa. Da aka tambayi wanda zai jagoranta, wa kuke tsammani ya ɗaga hannu? Dattijo Aboki. Wai yana da ɗan sani a kan abin.

Ranar da za a buɗe, majigin ya ƙi kawo hoto. Ina shagon Yaya da safen nan ina rage masa wuyan wando, sai ga inuwa a ƙofa. Aboki ne, ya yi ƙiba, da babbar waya a hannu. Rabonsa da wurin tun kafin zaman nan na ofis. Ya gaishe ni, na kawar da kai na ci gaba da ɗinkina. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce majigi ya ba su kunya, ga baƙi an gayyato. Sai ya rage murya ya ce, "Dakata, ka zo. Akwai maganar da ta daɗe a raina. Yau zan yi ta a gaban jama'a."

Da ya fita na ce, "Yaya Dakata, in ka je ban yafe ba. Ya nemo mai gyara a kasuwa."

Ya ce, "Ba ki ji abin da ya ce ba?"

"Na ji. Na taɓa jin ya ce bai tuna ba ma."

Bai kula ni ba. Ya rufe shago da rana tsaka, abin da ba ya yi, ya tafi gida. Da na isa coci na same shi cikin farar rigarsa mai dogon hannu, wadda na ɗinka masa ranar auren 'yarsa, ta sha guga har tana ƙyalli. Ya ma sa sabon tabarau ɗin da na saya masa. Matarsa ta zo, ta zauna a tsakiya, ba a baya ba. Ni ma, kada in yi muku ƙarya, zuciyata ta fara sakkowa.

Gyaran bai ɗauke shi komai ba, wata waya ce aka soka inda ba nan ba. Hoto ya fito, yara suka yi tafi. Ba a ɗakin baya ake yi ba yanzu, a cikin coci ne sosai, allo a gaban bagade. Yaya ya koma gefe ya tsaya jikin bango, ya harɗe hannu a baya.

Fim ya yi nisa. Wani ma'aikaci ya tsaya a gaban maigidansa, an tambaye shi wa ya yi ɓarna, ga abokin aikinsa a gefe yana kallonsa. Ya buɗe baki zai yi magana. Sai Aboki ya ɗaga rimot ya ce, "Dakata!"

Kawuna da yawa suka juya wajen Yaya, sun zaci kiransa aka yi. Aboki ya tako gaban allo ya ce, "Mutumin nan bai yi ba tukuna. Me yake nema? Wa ya yi masa alkawarin zai samu a nan? In ya yi, wa zai yi kuka?" Ko kalma ɗaya bai canza ba. Har yadda Yaya yake karkata kai in ya yi tambaya, ya kwaikwaya. Yara suka yi ta ɗaga hannu, wata 'yar ƙarama a gaba ta ce wanda aka yi wa ƙarya zai yi kuka, amma mai ƙaryar ma zai yi, sai dai nasa a ɓoye.

Da aka gama, sabon Fasto ya rungume Aboki, murna ta cika shi. Ya ce, "Baba, wannan hikima daga ina?" Ya miƙa masa makirufo.

Na ga Yaya ya saki hannayensa, ya gyara wuyan riga.

Aboki ya dubi inda Yaya yake tsaye. Na rantse ya dube shi, ido cikin ido. Sai ya ce Ubangiji ne ya sa masa a zuciya, a shekarun da yake kuka saboda 'yarsa. Ya ciro hankici. Jama'a suka ce, "Allah sarki." Da ya share ido ya ce, "Kafin mu tashi, akwai wanda ba zan manta da shi ba. Da ba don shi ba da yau ba mu ga komai ba. Ku tafa wa mai gyara."

Aka tafa. Wani yaro ma ya yi fito.

Yaya ya ɗan rusuna, ya naɗe wayar gwajinsa a hannu yadda ya saba, ya sa a jaka. Na yunƙura zan tashi, matarsa ta danne mini cinya, ta girgiza kai, hawaye yana zuba.

A hanya ban bar kowa ba. Na zagi Aboki, na zagi dattawan da suka san gaskiya suka yi ta tafi, na haɗa da Yaya da ya sa ƙafa ya je. Rana tana dukanmu, motoci suna wucewa, ni ina ta faɗa kamar mahaukaciya. Shi yana tafiya a hankali da jakarsa. Sai da muka kai ƙofar shago ya ce, "A daidai wurin ya tsayar, kin lura? Kuma kin ji amsar yarinyar nan ta gaba?"

Na ce, "Yaya, don Allah kada ka sa in yi ihu a titi. Abin da za ka ce ke nan?"

Ya sa makulli, ya kasa buɗewa, ya sake gwadawa. Ya cire sabon tabarau ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar ofis.

"Na zaci zai faɗa, ƙanwata," ya ce. "Da kaina na goge rigar nan."

Ya shiga ya tuɓe ta, ya rataye a ƙusa bayan ƙofa, ya mayar da tsohuwar rigar aiki. Ana ci gaba da kallon a coci duk Asabar, an ce har daga wasu unguwanni ake zuwa. Rigar tana nan a ƙusar, ƙura ta hau kafaɗunta. Na ce ya ba ni in wanke, ya ce in bar ta.